Inda Mushe Hamidu Ya Binne Langa

A duk faɗin Maraɗi, har a haɗa da Tsibiri da Jiratawa, mutum ɗaya ne ya san ainihin inda yake tsaye a bayan ƙasa, shi ne Mushe Hamidu na unguwar Zariya. Sauran jama'a zato kawai suke yi. Shi da kansa ya faɗi haka, ba sau ɗaya ba, kuma ba a taɓa samun wanda ya musa masa ba, don galibi lokacin da yake faɗa shayi ya riga ya nuna, idon kowa yana kan buta.

Mushe dai shi ne abin da ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, da shi a nan, kuma sunan bai bar shi ba ko bayan ya ajiye alli. Ubansa ɗan kasuwar hatsi ne, ya so ƙwarai yaron ya gaje shi, har sai da ya lura cewa duk wanda ya zo sayen gero sai yaron ya tsare shi da bayanin daga wace ƙasa geron ya fito da irin ruwan da ake yi a can, mai saye ya gaji ya wuce rumfar gaba. Sai aka bar shi da karatu. Ya yi rayuwarsa yana koyar da labarin ƙasa, daga wannan gari a tura shi wancan, har aka dawo da shi gida da furfura. Yana iya zana taswirar Nijar a allo ba tare da ya ɗaga alli ba. Ɗalibansa da yawa sun zama manya, kuma duk inda suka gan shi sukan durƙusa su gaishe shi, ko da yake babu ɗaya a cikinsu da zai iya nuna arewa in ba a bar shi ya fara neman alƙibla ba.

Abin da ya fi ƙona masa rai a duniya shi ne kwatancen mutanen Maraɗi. Ka tambayi mutum gidan wane, ya ce ka miƙe sai ka wuce inda aka taɓa sayar da fetur, ka karya wajen gidan Alhajin nan da ya rasu. Ka ce wane Alhajin? Ya dube ka da mamaki ya ce wanda ya rasu mana. A ganin Mushe, al'ummar da take kwatance da matattun Alhazai da tashoshin da aka rushe ba ta shirya ci gaba ba. Kowane wuri a duniya, in ji shi, yana da lambobinsa guda biyu da ba sa mutuwa, ba a rushe su, akuya ba ta cinye su.

Saboda haka ranar da wani tsohon ɗalibinsa, mai aikin haƙar rijiyoyi, ya kawo masa gaisuwa riƙe da na'urar GPS, wadda take karɓar lambobin wuri daga tauraron ɗan Adam, Mushe ya ji kamar an kawo masa shaida a shari'ar da ya daɗe yana yi shi kaɗai. Ɗalibin ya ƙara da ba shi labarin wani wasa da ake yi da ita a ƙasashen waje, masu shi suna ce masa jiyokashin. Mutum ya ɓoye ɗan mazubi da tarkace a ciki, ya ɗauki lambobin wurin ya ba wasu, su bi na'ura su nemo. Wanda ya samu ya ɗauki abu ɗaya ya bar wani, ya mayar da mazubin inda yake. Ɗalibin ya ara masa na'urar na ɗan lokaci, don kunya.

Mushe ya sa alewa da tsohon makulli cikin gwangwanin madara, ya cusa a kogon wata bishiya a hanyar Tsibiri, ya kawo lambobin fada, inda suke shan shayi da la'asar. Idirisa tela, abokinsa tun na ƙuruciya, ya saurara har ƙarshe.

"Tsaya, Mushe. Kai ka ɓoye shi?"

"Ni na ɓoye."

"Kuma ka san inda yake?"

"Na sani mana."

"To mi ya hana ka hwaɗa muna, mu huta?"

"Ai neman shi ne wasan."

"Mu da muke neman na cefane tun asuba, yanzu kuma mu ƙara da neman abin da bai ɓace ba? Ku zuba mai shayi, rana ta taɓa shi."

Babu wanda ya je. Amma da Mushe ya koma duba gwangwaninsa, ya tarar an riga an same shi ba tare da taimakon tauraro ba. Wanda ya samu ya bi rabin dokar wasan: ya bar makullin, ya tafi da gwangwanin. Mushe ya sake gwadawa da kwalbar roba mai murfin murɗawa, ya rubuta bayani a jikinta da Faransanci da Hausa. Bayan kwanaki ya ganta a Tsibiri gaban wani mai balangu, cike da yaji, rubutunsa yana nan raɗau a jiki. Ya tsaya ya sayi naman, aka barbaɗa masa yaji daga kwalbarsa, ya biya ya wuce.

Dokar wasan ta hana binnewa. Mushe ya yi nazari ya yanke cewa waɗanda suka kafa dokar ba su taɓa zama a garin da ake girmama murfi kamar Maraɗi ba, inda mazubi mai rufi ba ya yini a ƙasa ba tare da ya sami uwar riƙo ba. Dole a binne. Abin binnewa kuwa sai wanda gara ba ta ci, ruwa ba ya shiga. A cikin adakar matarsa, Hajiya Tsahara, ƙarƙashin gado, akwai wata tsohuwar langa mai jan fure, da murfi mai kamawa gam, naɗe cikin zane. Tun da ya aure ta bai taɓa ganin an zuba ko ruwa a ciki ba, abin da shi a lissafinsa ɓarna ce. Hajiya ta tafi biki Tasawa. Ya ɗauki langar, ya hau kabu-kabu zuwa Jiratawa, ya wuce lambunan zogale, ya zaɓi wani fili fetal da gangan, babu bishiya, babu suri, babu komai da ɗan Maraɗi zai iya kwatance da shi. Ya binne ta, ya ɗauki lambobin, ya haddace su. Niyyarsa aro ne. Ba a daɗe ba aka mayar da ɗalibin nan aiki Difa, ya aiko aka karɓi na'urarsa.

Shekaru suka shige. Lambobin suna kansa daram, ya fi riƙe su da lambar wayarsa. Langar ma, a iya saninsa, tana inda take.

Sai aka sa ranar auren Tahira, autarsu. Hajiya ta jawo adaka don ta fara haɗa kayan jere, ta ɗaga zanen ta ji shi sakayau. Wannan langar kakarta ce ta saya lokacin da irin kwanonin suke sabon abu, ta ba uwarta, uwarta ta ba ta, kuma a gidansu auta ake ba wa. Ranar jere ita ake ɗorawa can saman sauran kwanoni, kuma 'yan'uwan Hajiya mata, waɗanda ba a ba su ba, ita za su fara nema da ido kafin su amsa sallama.

Ta fito tsakar gida da zanen a hannu. Mushe yana zaune yana gyara eriyar rediyo.

"Malam, akwai wanda ya buɗe adakata?"

"In langa kike nema, kwantar da hankalinki. Tana nan lafiya."

"Tana ina?"

"Na san inda take fiye da yadda kika san inda kike yanzu."

"Ni ina tsakar gidana. Ita fa?"

Ya faɗa mata lambobin, duka biyun, a natse, kamar mai karatu gaban ɗalibai. Ta jira ya gama.

"Wagga unguwar wa ce?"

"Jiratawa ce. Cikin ƙasa."

Hajiya Tsahara ba mai ɗaga murya ba ce. Ta ninke zanen sau biyu, ta ɗora masa a gwiwa.

"Ka tahi ka ɗauko. Ka naɗo ta cikin wanga, kamar yadda ka same ta. Ranar jere in yayyena suka shiga ɗakin ɗiyata ba su ganta ba, kai za ka tsaya ka karanta musu lissahin nan."

Washegari ya tafi Jiratawa da ƙafarsa da idonsa kawai. Bai gane komai ba. Inda ya bar fili ya tarar da katangu, inda ya bar hanya ɗaya ya tarar da uku, zogale kuma ya bazu ko'ina, kowane lambu kamar ɗan'uwansa. Tambaya ba ta da amfani, tun da shi da kansa ya tabbatar babu abin da za a tambaya da shi. Ya dawo da ƙunshin zogale, Hajiya ta karɓa ta dafa.

Sai neman na'ura. Kowa ya ce ai wayoyin zamani duk suna yi, don haka ya ari ta Tahira. Gilashin bai san yatsunsa ba. Alli ya busar da su shekara da shekaru, ya danna abu ya ƙi, ya ƙara ƙarfi wani abu daban ya buɗe. Da ya fita rana fuskar wayar ta yi baƙi ƙirin, sai fuskarsa yake gani a ciki. Yana cikin wannan fama, a bakin titi, wayar ta hau rawa a hannunsa, wani suna ya fito da jajayen zukata a gefe da gefe, irin sunan da uba bai kamata ya san ana kiran wani da shi ba. Ya jefa ta aljihu. Ta yi ta rawa a can har ya iso gida. Angon kuwa sayar da wayoyi yake yi, kuma kowa ya san zai warware matsalar kafin shayi ya huce, amma mutum ba ya buɗe surukuta da gaya wa yaro cewa ya binne kayan ɗakin amaryarsa.

A Sabon Gari akwai butik ɗin Ilyasu, mai sayar da tsofaffin kayan lantarki da ake kawowa daga Kwatano cikin kwalaye, ba a san na wane ne ba, ba a san abin da ya kashe su ba. Mushe ya yi masa bayani dalla-dalla. Yana son wadda ake riƙewa a hannu, mai madannai na gaske da yatsa zai ji ya danna, mai rubutu manya, wadda ake gani cikin rana. Ba ya son ta san komai. Ya ba ta lambobi, ta nuna masa kibiya, shi ke nan.

"Baba, ka zo gidanta," in ji Ilyasu. "Ga wagga. Ko jariri ya iya ta."

Ta mota ce, mai faɗi kamar faranti. Da aka kunna, wata mata ta fara magana daga ciki da wani harshe da Mushe bai taɓa ji ba duk da shekarunsa a lakwal. Taswirar ta nuna suna tsakiyar wani gari mai layin dogo da koguna, ta dage a kan haka. Da aka fita da ita waje ta yi tunani mai tsawo, sannan ta nuna su a farin fili babu hanya ko ɗaya, matar kuma ta shiga maimaita kalma guda cikin damuwa.

"Mi take cewa?" in ji Mushe.

"Gaisuwa ce, Baba. Sabo za ku yi."

Bai saba ba. Ya mayar, Ilyasu ya shiga ciki ya fito da wata babba a akwatinta, ta masu awon fili, da doguwar sanda mai farin kai kamar naman kaza. Ita ma ko jariri ya iya ta. Madannanta sun fi na rediyon soja yawa, kowane ka taɓa sai ya buɗe tambayoyi, kowace tambaya tana da 'ya'ya. Mushe ya ce zai gwada ta inda babu mutane, ya fita da ita bayan gari ta hanyar Tsibiri, ya kafa sandar a gefen wata gona.

A ƙasar nan babu inda babu mutane in an kafa irin wannan sanda. Kafin na'urar ta gama farkawa an kewaye shi.

"Sannu da aiki, Mushe. Yanka filaye za a yi?"

"A'a. Gwaji nake."

"Haka suka ce wancan karon."

Wata tsohuwa ta zo da sauri ta zauna daɓas a kan iyakar gonarta, ta ce sai dai a auna da ita. Wani mai babbar riga ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa in an zo rabo shi filin kan kwana yake so, mai fuska biyu, kuma ba zai manta da alheri ba. Mushe ya ɗaga murya ya yi musu bayanin wasan tun daga farko, da gwangwani da tauraro da komai. Aka saurare shi cikin ladabi. Da ya gama wani dattijo ya ce shi ya ga gwamnatoci da yawa, amma bai taɓa jin wadda ta yi ƙarya mai tsawo haka ba. Mushe ya tuge sandarsa. Har ya hau kabu-kabu tsohuwar ba ta tashi ba.

Kwanaki suna ta matsowa. Gidan ya cika da kwalaye da ƙamshin turaren wuta da mata masu shiga da fita. Hajiya ba ta sake tambayarsa ba. Kullum da safe dai yakan tarar da zanen nan a ninke kan kujerarsa, ko ina ya ajiye shi jiya. Ya rame. A fada ya daina maganar ci gaban al'umma. Ya koma wurin Ilyasu har yaran unguwa suka ɗauka ɗan'uwansa ne, ya gwada ta masu gudu da ake ɗaurawa a hannu, rubutunta kamar ƙwayar gero, ya gwada wata da ta nemi a haɗa ta da kwamfuta kafin ta ce uffan. Kowace da aka miƙo masa, ko jariri ya iya ta. Mushe ya ce wa Ilyasu yana so wata rana a nuna masa jaririn nan.

Ana jibi jere, yana tone wani kwali na tocila da matattun rimot don haushi kawai, hannunsa ya faɗa kan wata 'yar rawaya mai jikin roba, duk ta goge. Ilyasu ya ce waya ce da ta lalace, ba ta da wurin sa kati. Mushe ya buɗe bayanta ya ga pil ɗin rediyo, wato batir, take ci. Aka sa mata. Ba ta yi magana ba, ba ta tambaye shi komai ba. Madannanta 'yan kaɗan ne a gefe, masu tauri, kowane ka danna sai ya ce ƙas. Ya fita da ita rana, rubutun ya ƙara fitowa. Ya tsaya a ƙofar butik ɗin yana dubanta.

"Ai na gaya maka, Baba," in ji Ilyasu. "Ita na so in fara nuna maka."

Shigar da lambobin ya ci yini guda, don da madanni ɗaya ake hawa kowace lamba, in ka zarce sai ka zagayo. Idirisa tela ya karɓa, tun da idonsa ya saba da kafar allura, Mushe yana faɗa yana dannawa, suna faɗa da juna a kan wa ya yi kuskure. Da aka gama kibiya ta fito, baƙa, mai kauri, ta nuna kudu.

Ana gobe jere suka tafi a kan babur ɗin Idirisa, Mushe a baya, na'ura a hannu, fartanya a kafaɗa, zanen Hajiya a ƙugu. Kibiyar ba ta yi gardama ba ko sau ɗaya. Suka shiga Jiratawa, suka wuce lambuna, tazarar da take nunawa tana ta raguwa. Suka jingine babur suka bi da ƙafa.

"Ka gani?" in ji Mushe. "Ba Alhaji, ba gidan mai. Kai tsaye."

"Na gani. Cire takalminka."

Mushe ya ɗaga kai. Ƙafarsa tana kan siminti. A gabansa wani ɗan masallaci ne sabo, fari da kore, harabarsa shafe da siminti har bakin hanya, ga butoci a jere. Kibiyar tana nuna ƙofa. Ya cire takalmi, ya ajiye fartanya a waje, ya shiga yana bin ta a hankali kan darduma, har sahun farko, ɗan dama da wurin liman. A nan tazarar ta ƙare.

Wani dattijo da ke zaune yana jan carbi ya ce wani Alhaji ne daga Maraɗi ya gina shi bara, sadaka ga mahaifiyarsa. Mutumin kirki, bai yi rowar siminti ba. Daɓen nan, in ji dattijon yana bubbuga shi da tafin hannu, ko mota ta hau ba zai tsage ba. Ya tambaya ko baƙin suna neman wani abu ne.

Mushe ya dubi daɓen, ya dubi fartanyarsa ta ƙofa. Idirisa ya riga shi.

"A'a, Baba. Mun zo salla."

Lokacin la'asar ya yi, suka yi alwala suka bi jam'i. Mushe ya tsaya daidai wurin, ya yi sujada a kansa. A hanyar dawowa, wajen shiga gari, Idirisa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, na'urar dai tana da sauƙi, wannan ba a musu.

Hajiya tana tsakar gida cikin kwanoni lokacin da ya miƙa mata zanen a ninke. Ya ce ta yi haƙuri, amma ta sani langarta ta sami matsayin da babu wani kwano a Maraɗi da ya taɓa samu. Tana ƙarƙashin sahun farko na ɗakin Allah, ana sujada a kanta dare da rana, kuma babu ɓarawo ko mai balangu da zai kai gare ta har tashin duniya. Ya ce ladan wannan, in an duba, har kakarta zai iya kaiwa.

Hajiya ta karɓi zanen ta shimfiɗa, ta naɗe wata kular roba da aka saya a kasuwa shekaranjiya, ta ɗora kan kayan da za a tafi da su. Ta ce gobe yayyenta za su iso da hantsi, kada ya fita.

Abin da bai gaya mata ba, ko da yake ya sani tun ranar da aka fara nuna masa irin na'urar, shi ne takan yi kuskure da 'yan mitoci ta kowane gefe, wadda ta ɗauki lambobin ta yi nata, wadda ta karanta ta ƙara nata. Faɗin masallacin bai kai haka ba, mai yiwuwa langar ba ta ma cikinsa.